A DAINA CE MANA WAI MATA BA SA NEMA



Iyayena, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu, da duk wadda saƙon nan ya iso wayarta, barkanku da war haka. Saƙon yau yana da ɗan tsawo. Wadda ke kan girki ta bari sai ta sauke, amma don Allah kar a wuce shi kamar sanarwar biki. Wadda karatun boko ke yi wa nauyi ta miƙa wa 'yarta ta karanta mata, da ma maganar tata ce.

Magana ce a kan kuɗin karatun digiri na biyu da na uku, wato mastas da dakta. Duk lokacin da aka fito da sunayen waɗanda suka sami tallafin irin wannan karatu, ki buɗe ki duba. Sai kin yi ta ja, kin yi ta ja, kafin ki ci karo da sunan mace daga yankinmu. In kika tambayi manya dalili, amsar ɗaya ce kamar sun haɗa baki: "Ai Hajiya, matan ne ba sa nema." Su faɗa suna murmushi, a wuce zuwa batu na gaba.

To ni wannan amsa ta ishe ni, kuma ina so ta ishe ku. Ba gaskiya ba ce. Rufe ƙofa aka yi, sannan aka juyo ana cewa ba mu shigo ba.

Bari mu fara da tambaya mai sauƙi. Yarinya ta gama digirinta da sakamako mai kyau, ta yi bautar ƙasa, tana son ta ci gaba, ubanta ba shi da hali. Ina za ta dosa?

Za a ce miki ai ga NELFUND, asusun ba ɗalibai rance. Gaskiya ne, an sa hannu a dokarsa a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu. Rance ne marar ruwa, ba a fara biya sai shekara 2 bayan bautar ƙasa, kuma ya rufa wa gidaje da yawa asiri, ba mai musun wannan. Amma da aka buɗe shi, masu digirin farko da difloma da NCE aka buɗe wa. Mai neman mastas ba ta ciki.

Za a ce ai ga TETFund. Wannan asusu ne da ake tarawa daga harajin ribar kamfanoni, kuma yana biya wa mutane karatun mastas da dakta. Amma su wa? Malaman jami'o'i da kwalejoji da foliteknik na gwamnati. Sai an ɗauke ki aikin koyarwa tukuna, makarantarki ta miƙa sunanki. To ya za a yi a ɗauke ki koyarwa, alhali in kin je nema za a ce ina mastas ɗinki? Kin ga an ɗaure akuya, an ajiye dusa nesa da igiya. Ko su malaman ma, daga farkon 2025 asusun ya dakatar da tura sababbi ƙasashen waje, saboda tsadar canji da kuma waɗanda ake turawa su ƙi dawowa.

Za a ce ga PTDF. E, tana tura ɗalibai Ingila da Jamus da Faransa da Malesiya, tana kuma da na cikin gida. Amma asusun bunƙasa fasahar man fetur ne, fannonin da suka shafi mai da gas da makamashi take nema. 'Yarki da ta karanci injiniya ko kimiyyar ƙasa ko kemistiri, maza ta nema, kar ta yi wasa. Wadda ta karanci ilimi, ko jinya, ko Hausa, ko Larabci, ko tarihi fa?

Da akwai kuma tsarin nan na yarjejeniya tsakanin Najeriya da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangari, wanda ake kira BEA. A 2025 ministan ilimi ya sanar da cewa an daina tura sababbin ɗalibai a ƙarƙashinsa, bayan waɗanda ke can sun daɗe suna kukan ba a biya su alawus.

Ki ɗora da maganar naira. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin a cika shekara ta haura 1,500. Iyayen da a da za su iya sayar da fili ɗaya su tura ɗa Sudan ko Masar ko Indiya, yanzu fili uku ba zai kai shi ba, ga Sudan ɗin ma yaƙi ya rufe ta.

To ku gaya min tsakani da Allah, a cikin ƙofofin nan wacce ce aka buɗe wa 'yar talaka ta ƙi shiga?

Yanzu ga inda abin ya fi ci min rai, don nan ne bambancin ɗa namiji da 'ya mace yake. Shekaru. Ku zo mu yi lissafi tare. Yarinya ta gama sakandare tana 18. Ta yi shekara ɗaya ko biyu tana fama da JAMB. Ta shiga jami'a, yajin aikin malamai ya ci mata wata 9 a 2020, ya sake cin wata 8 a 2022. Ta fito tana 25, ta yi bautar ƙasa tana 26. A nan ne za mu ce, mu iyaye, kuma da gaskiyarmu, to a yi aure. Aka yi. Ga ciki, ga goyo, ga wani cikin. Ranar da za ta ɗaga kai ta ce bari in koma makaranta, ta ba 30 baya. Ta buɗe shafin tallafin gwamnatin Turkiyya, wanda ake nema daga Janairu zuwa Fabrairu kowace shekara, ta tarar an rubuta mai neman mastas sai ɗan ƙasa da shekara 30, mai neman dakta ƙasa da 35. Shi kuwa ɗan ajinsu, wanda wataƙila ita ce ma take koya masa karatu lokacin jarrabawa, tuni ya nema yana 27, ya tafi, ya dawo, har an ba shi ofis. Ita lokacin tana wankan jego. Sannan a zo a ce ba ta nema ba. Haba jama'a!

Turkiyya kuɗinta ne, ta sa sharaɗin da ta ga dama, ba mu da ta cewa. Amma in jiha ce ko ɗan majalisa zai ba da tallafi da kuɗin jama'a, ya kwafo irin wannan sharaɗin shekaru ya ɗora wa mata da maza bai ɗaya, to ya sani ya zubar da rabin mata tun kafin a buɗe fayil. Kuma mu ne za mu gaya masa, don a ɗakin da ake tsara sharuɗɗan nan da wuya ki ga wadda ta taɓa goyo.

Sai kuɗin neman kansa. Mutane sun ɗauka tunda an ce tallafi kyauta ne, to nemansa ma kyauta ne. Ina! Fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000 tun watan Satumban 2025. Jarrabawar Turanci ta IELTS da jami'o'in waje da yawa ke nema ta haura naira 200,000, kuma ba a kowane gari ake yin ta ba, sai an yi kuɗin mota da na masauki. Ga kuɗin karɓo cikakken sakamako daga jami'a, wanda sai an yi ta sintiri. Ga data. Duk wannan kafin a san ko za a dace. Namiji zai yi buga-buga, ya ranta wurin aboki, ya hau mota ya tafi. Matar aure da ba ta da albashi sai ta roƙi miji, shi kuma yana lissafin buhun shinkafa. Da yawansu a nan suke tsayawa. Ba su ƙi ba, kuɗin ƙofa ne ya gagara.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha ji, har daga bakin mata. "Hajiya, ana fama da abin da za a ci, ga yara mata birjik ba su ma shiga firamare ba, ke kina maganar dakta. Digiri ɗaya bai ishi mace ba?"

Maganar yunwa gaskiya ce, maganar yaran da ba sa makaranta ma gaskiya ce, kuma ba wanda ya kai mu sani, mu da muke shiga lungu-lungu. Amma ina tambaya. Ke da kike cewa ba kya son namiji ya duba 'yarki a ɗakin haihuwa, wa zai koyar da ungozomar da za ta duba ta? Makarantar jinya da ta ungozoma malamai take buƙata masu zurfin karatu. Malamar da za ta koyar da yaran firamaren nan, a kwalejin ilimi ake horar da ita, kuma mai horar da ita sai da zurfin karatu. In babu mata a sama, na ƙasan ma ba za su samu ba. Maigidan da ke ɗari-ɗari da barin matarsa ta je kwaleji, in ya san malaman mata ne, rabin gardamar ta ƙare.

Sannan ku tuna ranar rabon muƙamai. Mun sha rana a layi, mun fito da ƙuri'a, mun yi kwanan ƙirga. An zo naɗa kwamishina, ko shugaban hukuma, ko shugaban kwaleji, sai a ce "Wallahi mun so mu ba mace, amma ba mu sami mai takardun ba." Da baki ɗaya ake cewa digiri ɗaya ya ishe ki, da shi kuma ake cewa takardunki ba su kai ba. A jami'a da wuya a zama babban malami, balle farfesa, balle shugaba, in ba da dakta ba. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i, 'yar Jigawa, da ta riƙe ma'aikatar ilimi ta tarayya daga 2010 zuwa 2013, ba da digiri ɗaya ta hau kujerar ba.

Masu cewa kuma ba za su bar mace ta tafi wata ƙasa ita kaɗai ba, ba na faɗa da su. Kowane gida da tsarinsa, kuma maganar muharrami ba abin wasa ba ce a wurinmu. Amma wa ya ce sai an hau jirgi? Ga Bayero a Kano, ga ABU Zariya, ga Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga ta Maiduguri, duk suna ba da mastas da dakta. ABU tana da cibiyar karatu daga nesa, ga kuma jami'ar NOUN da mace za ta yi karatu tana ɗakinta. Hatta tallafin Commonwealth na Ingila yana da reshen da ake yin mastas ta intanet, ɗaliba tana garinsu, su biya kuɗin makarantar. Kuɗin da za a kashe a tura mutum ɗaya Ingila zai ɗauki nauyin mata masu yawa a Zariya ko Kano. Don haka wanda ya fake da tafiya ya hana, ya nemi wata hujjar.

To yanzu bari in juyo gida, kuma a yi haƙuri da ni, wadda ta ji zafi ta sha ruwa.

Idan ɗan majalisa ko ciyaman ko kwamishina ya ba mata lokaci, me wasunmu ke shiga da shi? A ba mu atamfar anko. A ba mu keken ɗinki da injin markaɗe. A ƙara mana katan ɗin taliya. A sa mu a kujerar Makka. Ban raina ko ɗaya ba, keken ɗinki ya riƙe marayu da yawa. Amma su ma sun gane farashinmu ke nan, shi ya sa in maganar gurbin karatu ta taso ba a ma kiranmu. Matasa maza za su shiga da jerin sunaye, da ajin digirin kowa, su fito da gurabe. Mata su fito da leda. Atamfar nan wata shida ta koɗe.

Wani abin kuma da ya fi wannan muni shi ne neman alfarma a ɓoye. Da an ji ƙishin-ƙishin za a ba da tallafi, sai waya ta fara ƙara da daddare: "Hajiya, don Allah a saka min 'yata." Ki sani, duk ranar da aka mayar da tallafin karatu abin rabo a ɗaki, ke ce za ki yi asara, don akwai wanda ya fi ki kusa da mai rabon. 'Yar mai wankau da ta fito da sakamako mai daraja ta ɗaya ba ta da wanda zai buga mata waya. Abin da zai cece ta shi ne a buga sharuɗɗa kowa ya gani, a yi jarrabawa ko intabiyu, a manna sunaye da makin kowa da ƙaramar hukumarsa. In aka yi haka ban da fargaba ko kaɗan, don na san yadda 'ya'yanmu mata ke kwashe kyaututtuka ranar yaye ɗalibai.

Jiha tana iyawa in ta so. A 2023 gwamnatin Kano ta sanar da ɗaukar nauyin ɗalibai 1,001 su yi mastas a Indiya da Yuganda. Ba maganar wace jam'iyya nake ba, misali nake bayarwa cewa abin ba gagara ya yi ba. Abin da za mu riƙa tambaya a kowace jiha shi ne mata nawa ne a ciki, kuma an ware kuɗin har zuwa ranar gamawa? Don mun sha jin labarin ɗaliban da aka yi bikin tafiyarsu a filin jirgi, bayan shekara ɗaya makaranta ta hana su shiga aji saboda ba a biya ba. Namiji ma ya ji jiki a wannan hali, balle 'ya mace a ƙasar da ba ta da kowa.

Kafin gwamnati ta motsa kuma, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Akwai ƙofofin da ba sai kin san kowa ba, rashin labari ne kawai ke hana 'ya'yanmu. Chevening na gwamnatin Ingila mastas ne na shekara ɗaya, su biya makaranta da jirgi da kuɗin zama. Ba su sa iyakar shekaru ba, abin da suke nema shi ne ƙwarewar aiki ta shekara 2, kuma aikin sa-kai ma ana lissafa shi, sannan ki yi alkawarin dawowa gida. Sukan buɗe a watan Agusta. Wannan ya dace da matar da ta haura 30 tana koyarwa ko aikin asibiti ko na ƙungiya. Hukumar DAAD ta Jamus tana da tallafin da ake yin karatun a nan cikin Afirka. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda yana ba da na mastas da dakta. Jami'ar KAUST a Saudiyya, wadda ta kimiyya ce zalla, duk wanda ta ɗauka ita ke ɗaukar nauyinsa. Akwai ma waɗanda mata kaɗai ake ba wa: gidauniyar Schlumberger tana da shiri na matan ƙasashe masu tasowa da ke dakta a kimiyya da injiniya, haka L'Oréal da UNESCO suna ba matan Afirka masu bincike a kimiyya kuɗin ƙarasa aikinsu. Mata kaɗai fa! Su ma za a ce maza ne suka cinye? Matan wasu yankuna suna nema suna samu, namu ba wanda ya gaya musu.

Sharuɗɗa da ranaku suna canzawa, don haka kowacce ta shiga shafin hukumar da kanta ta karanta na bana. Kuma ku ja kunnen yaranku: waɗannan duk ba a sayar da fom ɗinsu. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi zai sama wa 'yarki gurbi, ko ya ce yana da mutum a ciki, ɓarawo ne, ko da kuwa da hoton babban mutum ya zo a fuskar wayarsa.

Mu ma da kanmu akwai abin da za mu iya. Mun iya adashe, ba wanda ya kai mu. Mata 200 in kowacce ta ajiye naira 1,000 a wata, 200,000 ke nan, a shekara miliyan 2 da dubu 400. Wannan zai yi wa yara da dama fasfo da kuɗin jarrabawa, ko ya biya wa wasu rajistar mastas a jami'ar gida. Bai kai kuɗin ankon biki ɗaya ba. Masu hali a cikinmu kuma su tuna jami'ar Ƙairawiyyin da ke birnin Fas a Maroko, mace ce, Faɗimatu al-Fihriyya, ta kafa ta da kuɗin gadonta a shekarar 859, har yau ana karatu a cikinta. Waƙafi ba sai masallaci da rijiya kaɗai ba.

Ga aikin da nake so a yi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace shugabar mazaɓa ta zauna da mataimakanta, a bi gida-gida, a rubuto duk macen da ta gama digiri ko babbar difloma tana son ci gaba, budurwa ko matar aure ko bazawara, 'yar gidan 'yan jam'iyya ce ko ba ita ba. A rubuta abin da ta karanta, da darajar sakamakonta, da shekarar gamawa, da shekarunta, da ko ta yi bautar ƙasa, da kuma ko gida take son yi ko za ta iya fita. Kar a turo hoton takardun kowa a guruf, a riƙe su a hannu. A miƙa wa shugabar ƙaramar hukuma kafin taronmu na wata mai zuwa.

Da wannan jerin za mu shiga wurin 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya da kwamishinan ilimi mai zurfi. Abin da za mu nema: a ware wa mata kaso sananne a rubuce cikin duk tallafin mastas da dakta, a ɗaga iyakar shekaru ga matan da aure da haihuwa suka tsayar, a sa tallafin karatun cikin gida a kasafin kuɗi ba na waje kaɗai ba, sannan 'yan majalisar tarayya su kai maganar shigar da masu mastas cikin rancen NELFUND. Wanda ya ce mana mata ba sa nema, sai mu ajiye masa takardar a kan teburinsa, ya karanta sunayen da bakinsa.

Ina kuma neman mata biyar masu mastas ko dakta a cikinmu da za su ba da yammacin Asabar ɗaya a wata su zauna da yaran nan, su nuna musu yadda ake cike fom da rubuta bayanin kai. Wadda ta shirya ta yi min magana ta gefe, ba a guruf ba.

A tura wa kowane guruf na mazaɓa. Wadda ta karanta ta sa hannu in san ya iso.

Wassalamu alaikum.
Taku, Shugabar Mata.